Yadda muka tayar da tsohuwar Land Cruiser a Damagaram

Motar HJ60 ce, ƙirar 1986, mai injin gazuwal da ake kira 2H: silinda 6 a jere, lita 4, babu turbo. Toyota ta yi wannan zubin na Land Cruiser daga 1980 zuwa 1990. Tawa tana cikin waɗanda Turawa suka riƙa korowa ta hamada a wancan zamani, su biyo ta Tamanrasset su faɗo Arlit da Agadez, su sayar su koma gida a jirgi. Daga Agadez kawuna ya sayo ta, ya yi shekaru yana fatauci da ita tsakanin Damagaram da Damargu. Da tsufa ya zo sai ya kafe ta a gindin dogon yaro a ƙofar gidansa a Zango. Tayoyi suka sace, rana ta cinye fenti, awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa.

Ni maganin dabbobi nake sayarwa. Wasu ranaku ina shago a gari, wasu ranaku ina bin kasuwannin karkara wajen Tanut, Belbeji, Damagaram Takaya da Gure. Ba ni da halin riƙe mota biyu. Guda nake bukata, wadda za ta kai yara makaranta da safe, ta kuma shiga rairayi da kaya ba tare da ta kwanar da ni a daji ba. Sabuwar kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, ta fi ƙarfin aljihuna, ta hannu mai kwamfuta a inji kuwa in ta tsaya a ƙauye babu mai iya taɓa ta.

Na je na durƙusa na gaida shi, na ce, "Kawu, motar nan nake so ka sayar mini."

Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ɗana, masu sayen ƙarfe a kilo sun sha zuwa, ban ba su ba. In tayar da ita za ka yi, ɗauka. In ta gagare ka, ka maido mini abata, kada a daddatsa ta."

Muka yi ciniki irin na ɗa da uba. Kafin a taɓa noti ko ɗaya na fara da takardu. Lambar shasi a buge take a jikin ƙarfen, ta gefen dama kusa da tayar gaba. Na kankare wurin da burushin ƙarfe, na bi ta harafi-harafi ina gwadawa da abin da ke kart giriz, wato takardar rajistar mota, suka dace. Takardar duwan ma tana nan cikin tsohuwar jakar fata. Duk mai niyyar sayen tsohuwar mota, daga nan ya kamata ya fara, don wadda lambarta ta saɓa wa takardarta, ko nawa aka zuba mata, a shingen jandarma na farko za ta tsaya. Aka mai da sunan zuwa nawa. Asirans da bizit teknik, wato inshora da gwajin lafiyar mota, na bar su sai ta tashi.

Bakaniken da muka jawo ta wurinsa dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a motocin hamada. Ya zagaya ta, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya goge hannu.

"Malam," ya ce, "in so kake a wanke ta a fesa mata fenti ka yi yawon Sallah, ga wani garaji can gaba. In aiki kake so, daga ƙasa za mu faro: shasi, inji, ruwa, birki, ƙafafu. Fenti sai mun ga abin da ya rage maka."

Na ce, "Baba, daga ƙasan za mu faro."

Muka yi sharaɗi. Ni zan sayo kaya da hannuna, duk abin da aka cire a zuba mini shi a buhu, kuɗin aiki kuma sai an gama kowane mataki na gani da idona. Wannan sharaɗin ya raba mu da gardama har aka kammala.

Mota ba ta ruɓewa a Damagaram, iskarmu busasshiya ce. Amma wadda ta yi zama a Turai da cutarta take zuwa, saboda gishirin da suke watsawa a hanya lokacin ƙanƙara. Bayan yaran garaji sun wanke ƙasan da gazuwal da ruwan garuwa, Baba ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi shasin taki-taki yana ƙwanƙwasawa. Inda ƙarfe yake da lafiya ƙara yake yi tangararau, inda ya ci kuwa sai ka ji dum, ɓawon tsatsa ya zubo. Gaba da tsakiya lafiya lau. Can baya, kusa da inda sifirin ke ratayuwa, ƙarfen ciki ya kumbura ya rabu falle-falle. Mai walda ya so ya liƙa faci a kai ya rufe, Baba ya hana. Aka yanke ruɓaɓɓen har aka tarar da ƙarfe mai rai, aka sa sabo mai kauri ɗaya da na asali, aka shafe da jan fentin hana tsatsa.

Injin da ya shekara da shekaru a kwance ba a ɗora masa batir a murɗa makulli. Aka cire filogin ɗumama inji guda 6, aka ɗiga mai a kowane rami, aka bar shi ya jiƙa. Daga baya Baba ya sa doguwar sifana a notin gaban inji ya danna a hankali. Ya yi gardama kaɗan, sannan ya juya. Aka sauke tanki aka zubar da abin da ke ciki, tsohon gazuwal ne da ruwa da baƙin dagwalo. Aka yi juye, aka sa sabon filta, aka fitar da iska da famfon hannu. Da ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe garajin, amma mu kunne muka kasa, kuma babu wani bugu daga ƙasan inji.

A nan ne mashawarta suka yi yawa. Kusan kowa cewa yake in jefar da 2H in sa 1HZ, injin da Toyota ta fito da shi a 1990, mai lita 4.2, wanda ke cikin motocin ma'aikatu da na hamada ko'ina a ƙasar nan. Maganarsu tana da tushe. Ƙarfinsa ya kai doki 130, nawa kuwa bai wuce 105 ba, kayansa kuma a kowane shago akwai. Na zauna na yi lissafi. Sai an sake mazaunin inji, an daidaita shi da akwatin giya, an sake wayoyi, an gyara takardu, ga kuɗin injin kansa, wanda ba ka san irin wahalar da ya sha a hannun wani ba. Sannan 1HZ da bel yake tafiyar da bawul, sai an canza shi duk kilomita 100,000, in ya tsinke kuma ɓarna ce babba. 2H da haƙoran giya yake aiki, babu abin tsinkewa. Masu cewa a ɗora masa turbo kuwa ban ko saurare su ba. Ba a gina wannan inji don turbo ba, ƙarin wutar a kansa za ta sauka, mu kuma a nan zafi ne babban abokin gabar inji. Ba gudu nake nema ba. In isa kasuwa in dawo, shi ne bukatata.

Abin da muka yi masa bai da yawa. Aka ɗaga kan inji, muka tarar da tsaga a wasu daga cikin ƙananan kofunan da gazuwal ke fara kamawa a cikinsu, cutar da aka san wannan inji da ita. Aka canza su duka, aka goge fuskar kan ta yi sumul, aka sa sabon gasket. Na sayo sifana mai awon ɗauri na ajiye a garajin, don notin kan inji ba a ɗaure shi da ƙarfin damtse. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, zagaye bayan zagaye, har a kai adadin da littafin motar ya faɗa. Bawul kuma da zafinsa aka daidaita shi, tazarar milimita 0.20 ga na shiga, 0.36 ga na fita. Famfon gazuwal da nozul na kai su Kano wurin mai na'urar gwaji. Na tsaya ina kallo ana matsa su ɗaya-ɗaya: mai lafiya feshi yake yi da ƙara, wanda ya gaji kuwa ɗiga kawai yake yi. Da suka dawo, baƙin hayaƙin ya ɗauke.

Neman kaya shi ya fi cin lokaci. Wasu na same su a nan gida wurin masu tsofaffin motoci, wasu sai da na bi ta Matamaye da Daura na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome, komai ya ƙara tsada, jabu kuma ya cika shaguna a kwali mai kyau. Dabarata ita ce in tafi da tsohon a hannu, in ɗora shi kusa da sabon, in duba nauyi da kauri da tsabtar aiki. A kan abu uku ban nemi sauƙi ba ko kaɗan: boris, sil, da duk abin da ya shafi birki. Araha ba ta ado, balle a hanyar da za ka yi yini ba ka gamu da mota ba.

Inda na fi kashe kuɗi da hankali shi ne ruwan inji. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, ga mota da kaya, ga rairayi, ga ƙaramar giya, iska kuma wani lokaci daga baya take bugowa ba ta ratsa lagireto. A irin wannan ranar ake sanin gyaran gaskiya. Lagireton na tagulla ne, mai gyara ya narkar da dalma ya cire murfin sama, ya kira ni in leƙa. Fiye da rabin ƙananan bututun sun toshe da farin ɓawon da ruwan rijiya ke bari. Wanki ba zai yi ba, sai aka sake masa ciki gaba ɗaya. Famfon ruwa sabo, robobi sababbi har da ƙanana da ke ɓoye a bayan inji, murfi sabo mai riƙe matsin kilo 0.9. Fankar ba a ɗaure take kai tsaye ba, akwai wani irin mai na silikon mai kauri a cibiyarta, shi ke sa ta kama sosai in inji ya yi zafi. Nata ya tsiyaye, ana iya tsai da ita da ɗan kara alhali inji na aiki. Aka buɗe aka zuba sabo, yanzu in ta kama har cikin mota ana jin gurnaninta.

Ana cikin haɗawa na ga wani yaro ya ware tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, ya jefa a buhun tsofaffin kaya. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Alhaji, nan ƙasar zafi ce, cirewa ake yi." Haka ake yi a garaji da yawa, kuma ban yarda da shi ba. Motar da ke tafasa, ciwonta yana lagireto ko fanka ko kan inji, cire tamostat ɓoye ciwon kawai yake yi. Da sanyin hunturu kuma injin da babu shi ba ya kai zafin aikinsa, sai hayaƙi da shan mai da saurin lalacewa. Na sayo sabo mai buɗewa a digiri 82, muka jefa shi a tukunyar ruwan zafi muka ga ya buɗe, sannan aka ɗaura. Ruwan da na zuba tataccen ruwa ne haɗe da maganin hana tsatsa, kuma jarka guda tana bayan mota kullum don kada bukata ta sa in zuba na rijiya. Na ƙara agogon zafi mai lamba kusa da sitiyari, domin na asali sai abu ya ɓaci allurarsa ke motsawa. A gaban lagireto kuma na sa raga mai cirewa saboda ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa bayan damina.

Sai ƙafafun gaba, aikin da ya fi kowane ƙazanta. Aksil ɗin gaba ƙarfe ne guda, a kowane ƙarshensa akwai dunƙulen gida, a ciki kuma gaɓar da ke ba taya damar karkata hagu da dama alhali tana ja. Giris ne ya kamata ya zauna a gidan, man giya kuma a tsakiyar aksil, wani ɗan sil ne ya raba su. In sil ɗin ya mutu sai su gauraya. Da aka buɗe nawa, abin da ya kwararo ya yi kama da kunun kanwa, sai dai baƙi ne, ga yashi a ciki. Boris na sama da na ƙasa sun yi gurbi, shi ya sa sitiyari ke rawa tun zamanin Kawu.

A nan na ga bambancin wanda ya san aiki. A saman gidan da ƙasansa akwai ƴan siraran fallayen ƙarfe da yara ke zubarwa a ƙasa ba su kula ba. Baba da kansa ya zare su, ya ɗaure na sama daban da waya, na ƙasa daban, na hagu a wannan kwano, na dama a wancan. Ya ce mini, "Malam, waɗannan su ke tsai da sandar a tsakiyar sil. Ka cuɗanya su, ko sil ɗin Japan ka sa, kafin wata ya zagayo ya fara yoyo." Da ya mai da sababbin boris, sai ya ɗauko sikelin rataye, ya maƙala ƙugiyarsa a hannun sitiyari ya ja, yana ƙara falle yana ragewa, har nauyin ya zo daidai. Sannan aka cusa baƙin giris a gaɓar, aka cika gidan kamar kashi uku cikin huɗu, aka rufe da sabon ƙyallen goge ƙura. Makullan da ake murɗawa da hannu a cibiyar tayoyin gaba na asali ne, wanki da ɗan giris kawai suka nema.

Birki faifai ne a gaba, ganga a baya. Ban yi dogon tunani ba: babban famfo, ƙananan na baya, takalma, da duk tiyon roba, aka sake su. Abin da mutane ke mantawa shi ne injin gazuwal ba ya samar da zuƙar iskar da ke sa feda ta yi taushi, wani ɗan famfo ne a bayan altaneta ke wannan aiki. Tiyonsa ya tsage, shi ya sa fedar ta yi tauri. Kuloci ma an sa sabo tun da an riga an sauke akwatin giya, mai giya 5 ne, kuma lafiyarsa ƙalau.

Sifirin na baya ya kwanta sarai saboda shekarun buhunan hatsi. Al'adar nan ita ce a yi ta cusa fallaye har mota ta sandare ta ɗauki kaya fiye da kima. Na ƙi, don iyalina za su shiga, kuma sifirin da ba ya lanƙwasa shasi yake ba wahala a hanya mai gargada. Na sa sababbi masu ɗaga ta kamar santimita 5, da robobi da amortisa daidai tsawonsu. Fiye da haka ban so ba. Mota mai tsayi da kaya a sama, a gefen tudu, ba ta da wuyar kifewa.

Wutar motar volt 24 ce, batir biyu a haɗe, kamar yadda aka yi wa masu gazuwal na Turai. An ba ni shawarar a mai da ita 12, na bar ta yadda take. Tana tashi da wuri, ƙwan fitila da sauran kayan wuta kuma iri ɗaya ne da na manyan motoci, duk tashar da gingimari ke tsayawa za ka samu. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ja waya daga batir guda don rediyo ko cajin salula. Yin haka yana sa ɗaya ya riƙa zama da yunwa, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa, su mutu tare. Mai gyaran wuta ya cire duk irin waɗannan wayoyi da aka ɗaɗɗaura a baya, ya sa ƙaramar na'ura mai sauke 24 zuwa 12, da fis nata.

Akwai kuma wani ɗan inji na lantarki a gefen famfon gazuwal, mai sanda. Shi ke buɗe mai in an murɗa makulli, shi ke kashe mota, kuma in ƙarfin man inji ya faɗi yana kashe ta da kansa. Da yawa suna cire shi su sa waya ta ja da hannu. Mu gyara shi muka yi, saboda wannan kariyar ba abin yarwa ba ce. Amma Baba ya sa na sunkuya ya nuna mini yadda ake ɓalle sandar da yatsa, yadda ake tura hannun famfon a tashi mota, da yadda ake ja a kashe ta. Ya sa na yi da kaina yana tsaye. "In ya mutu maka a daji," ya ce, "ba sai ka nemi kowa ba."

A kan taya na daɗe ina shawara. Da 7.50R16 ta zo, a kan ƙafa mai zobe da tiyub. Amfanin wannan, kowane mai faci a ƙauye zai buɗe ta da ƙarfe biyu. Illarta, in an rage iska yashi yana shiga ya goge tiyub, zoben kuma in bai zauna daidai ba yana iya fallewa lokacin busa iska ya raunata mutum. Na koma ƙafar ƙarfe guda marar tiyub da taya 235/85R16, tsawonta kusan ɗaya da ta asali, wajen santimita 80, saboda haka giya ba ta yi nauyi ba. Manyan tayoyi masu faɗi da samari ke so kyau kawai suke da shi a kan inji irin nawa. Ƙayar aduwa ko ta bagaruwa in ta shiga, da ɗan igiyar roba nake toshewa ba tare da na cire taya ba. Duk tayar da zan saya sai na karanta lambobi 4 da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar gwanjo takan zo da zane mai kyau alhali ta tsufa, kwaltar bazara kuma ba ta raga mata. Safaya biyu nake ɗauka in zan fita gari.

Saboda ƙura, an ɗaga bututun shan iska zuwa saman gilashi, an sa masa kofin da ke tare yashi kafin ya kai filta. Ba don ruwa na yi ba, ko da yake da damina yana da rana a korama. Saboda gazuwal kuma na ƙara filta ta biyu mai gilashi a ƙasa, inda ruwa ke taruwa a gan shi a zubar. A gari a gidan mai nake sha, amma a ƙauye wani lokaci dole ka sayi na jarka. Tankin lita 90 ne, na yi wa jarka biyu masu lita 20 mazauni a baya, a ƙasa. Galerin sama na kayan da ba su da nauyi ne kawai.

Fenti ya zo a ƙarshe kamar yadda aka faɗa. Mai gyaran bodi ya yanke ruɓar bakin tayoyin baya da ta magudanar rufi, aka fesa mata ruwan ƙasa mai haske irin nata na asali. Na sa abin tare zafi a ƙarƙashin silin, robobin ƙofa sababbi don ƙura, kujeru kuma da yadi mai kauri, domin leda ba ta zaunuwa da rana. Wani baduku a gari ya ɗinka wa sitiyari da sandar giya riga ta jar fata. Kujerar baya na sa mata bel saboda yara, uwargida kuma ta nemi a yi matakala a ƙofa, aka yi.

Fitar gwaji arewa muka yi, ni da Baba da yaro ɗaya. Muka wuce matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, kamar kilomita 50 daga gari, idona yana kan agogon zafi fiye da hanya. A gudun 85 zuwa 90 take samun natsuwa, fiye da haka ihu kawai injin yake yi. Kafin mu sauka daga kwalta mu yi yamma wajen Belbeji, muka tsaya muka murɗa makullan gaba, muka rage iska daga kilo 3 zuwa 1.5. A kwalta ba a haɗa ƙafa huɗu a wannan mota, don babu abin da ke raba juyin gaba da na baya, ƙarafan ne za su yi ta murɗe juna. A rairayi kuwa sai ta zama wata mota daban. Tayar ta baje, injin yana ja daga ƙasa-ƙasa ba tare da an matsa masa ba.

A wani kwari mai laushi, da tsakar rana lokacin da yashi ya fi sakewa, ta nutse. Baba ya ɗaga hannu tun kafin in ƙara wuta. Muka sauka, muka ƙara rage iska zuwa 1.2, yaron ya kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, muka shimfiɗa faranta biyu na ƙarfe masu huji. Na ja ƙaramar sanda zuwa giyar ƙarfi, na sa ta biyu, na saki kuloci a hankali, ta hau ta fita. Allurar zafi ta ɗan ɗaga, fanka ta kama da gurnani, ta dawo wurinta. Baba ya leƙo ta taga ya duba agogon, ya ce, "To, Malam, yanzu ka yi mota." Da muka dawo bakin kwalta muka kunna injin busa iska mai 24 muka cika tayoyin, don taya marar iska a kwalta zafi take ɗauka ta fashe. Washegari aka sake bin notocin sifirin da na ƙafafu, wasu sun ɗan saki, kamar yadda sabon ɗauri ke yi bayan gargada.

A gari sai an yi haƙuri da ita. Lungunan Birni ba nata ba ne, a wajen Kasuwar Dole ranar Alhamis kuma nesa nake ajiye ta in taka, saboda ƴan kabu-kabu da amalanke. Da sanyin safiya sai na jira filogi sun ɗumama kafin in tayar. A doguwar hanya tana shan kamar lita 12 a kilomita 100, a gari da rairayi ta fi haka. Juye nake yi duk kilomita 5,000, filtar iska kuma da hunturu duk dawowa daga karkara sai na kakkaɓe ta. Ko ban fita daji ba, nakan kulle makullan gaba lokaci-lokaci in ɗan zagaya don giris ya motsa.

Abin da ya rage shi ne na'urar sanyi. Ta asali da iskar R12 take aiki, wadda aka daina yi, sai an mai da ita R134a da sababbin tiyo da mai. Yara suna ta tambaya. Baba ya ce in dakata, domin ragar na'urar a gaban lagireto take zama, zafinta kuma a kansa zai sauka. Yana so motar ta ratsa Afrilu da Mayu da kaya a rairayi ya ga inda allura ta tsaya. Na riga na sayi kwamfaresa mai 24 na ajiye a shago, in ruwan farko ya sauka za mu ɗaura.